Sunaye biyar na ciwon ƙanena

Shekarun baya can, ina cin rani Abijan, saƙo ya iske ni cewa ƙanena, autanmu, ya taɓu. Na iso ƙauyenmu kusa da Allakaye, na tarad da shi ɗaure ga turu bayan rumbu. Mutum mai kunya kamar amarya, sai ga shi kwana biyar ba barci, yana raba awakin gida ga masu wucewa, wai ai shi ya fi ƙarfin talauci.

Mahaifiyata jikar arna ce. Salla ba ta wuce ta, amma wurinsu ciwo irin wanga ba a taɓa shi sai an san sunanshi. Kowace iska da sunanta, da launin dabbar da take so. Ka san suna, ka san hanyar lallashi. Tsohon da anka kira yac ce Doguwa ce, anka yanka baƙar akuya. Malam yac ce sammu ne, anka sha rubutu. Turu dai yana nan.

Ni kuwa, mai yawon duniya da faransancin tasha, na ce ku ba ni wuri. Na kai shi asibitin Buza. Manjo, tsohon ma'aikacin lafiya, ya yi mai allura, ya rubuta "bufe deliranti" cikin karne, ɗan littafin asibiti. Yac ce likitocin Faransa sunka raɗa sunan, ciwo ne mai tasowa kamar guguwa ya wuce.

Na komo gida ina hura hanci. Inna tac ce, "To, boko, mi sunanta?"

Na faɗa mata.

"Bufe wa? Ɗiyar wa ce? Mi take ci?"

Na ce, "Inna, wagga kam, allura take ci."

Har ta yi dariya, don ranar anka kwance shi.

Damina biyu ya yi noma lafiya lau. Sai abin ya komo da wata fuska: ba magana, ba cin tuwo, sai kallon bango. Na kai shi Tawa. Can sunka ce sikizofireni ne, sunka ba da ƙwayoyi masu nauyi, hannunshi na ta kyarma.

Da inna ta ji sabon suna sai ta aza hannu bisa kai. "Ashe ba ita ba ce? Shekara biyu muna kiran baƙuwa da sunan da ba nata ba, ƙaƙa ba za ta yi hushi ba?" Ta kwashe ƙwayoyin ta ɓoye, tac ce ba za a ƙara tsokanar abin da ba a sani ba. Na yi faɗa, na yi lallashi. Daga baya na yi abin da na fi iyawa: na ɗauki jakata na koma Abijan. Shi kuma ya koma ga turu, in ya lafa a kwance shi, in ya tashi a mayar. Inna ke ba shi fura da hannunta har Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan zaman makoki na ɗauke shi sai Yamai. Wata likita, yarinya sa'ar ɗiyata, ta zauna ta saurari labarin tun daga awaki har kallon bango. Tac ce wanga bipoler ne, hawa da sauka.

Na ce, "Ɗiyata, ku kuwa suna nawa gare ku? Ko jinjiri sau guda ake yanka mai rago."

Tac ce, "Baba, ba wanda ya yi ƙarya. Sunayen nan mutane ke zama su shirya su cikin littafi. In sani ya ƙaru, sai a gyara, a raba wani, a haɗe wani. Mu ma lalube muke, sai dai muna rubuta laluben."

Maganinta ya karɓe shi. Yau albasa yake nomawa cikin fadamar Keita, har ya fi ni tumbi.

Ban ga laifin manjo ba, ban ga na inna ba. Dukansu suna sunka nema don su san ta inda za su kama. Ni ne dai na gaji da wuri.

Wata rana muna kan tabarma, ƙanena yac ce, "Yaya, inna ta samu jin sunan ƙarshen?"

Na ce, "A'a, ba ta kai ba."

Sannan yac ce, "Ba komi. Ku duka kun yi ta sake mani suna. Ita ko ina ga turu, autana take cewa."