Saƙon da Ya Tsallake Maigida

Ƙanin matata ne ya kawo mini abin. Aikin kwamfuta yake yi a Sakkwato, magidanci ne da 'ya'yansa, amma har yau Injiniya nake ce masa don tsokana, shi kuma ya ce mini Sarkin Buhu. Wai ya haɗa wani wakili a cikin waya, irin na ƙirƙirarriyar basirar nan, wanda ɗan kasuwar hatsi zai ba umarni ya aiwatar. Wakilin yana da kayan aiki uku: na duba farashi, na kiran mota, da na aika saƙo. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani, kuma da bayanin nan kaɗai wakilin ke gane wanda zai ɗauka da lokacin ɗaukarsa.

"Kai ka san sana'ar," in ji shi. "Ka karanta, ka nuna mini inda bayanin ya gaza."

A shagona na Tambuwal ya miƙo mini takardar bayanin, ranar kasuwa, ana ta awon dawa a gabana. A tsaye na duba. Na ukun cewa ya yi: "Yana aika saƙo zuwa ga manomi." Na ce ai gaskiya ne, aikinsa ke nan. Na sa hannu na mayar masa. Ƙarya kawai na nema a ciki, ban samu ba. Ban tambayi kaina me aka bari ba a faɗa ba.

Akwai wani gida a Jabo da nake sayen gero tun ina ɗaurawa a bayan keke. A gidan nan maigidan, wani tsoho, shi kaɗai ke cewa a buɗe rumbu. Sai ka je da ƙafarka, ka zauna a zaure, a gaisa, a yi zancen damina, a sha fura, sannan shi da kansa ya ɗauko maganar. Ba ya riƙe waya. Lambar da ke wurina ta ƙaninsa ce, kuma ba na kiransa sai don in ji ko tsohon yana gida.

Bara bayan girbi, da Injiniya ya sa mini wakilin a waya, na ce masa ina son gero daga Jabo, ya fara shiri. Ya kuwa fara. Ya duba farashi, ya ga lamba ɗaya ce ta Jabo a wayata, ya rubuta wa ƙanin tsohon: buhu nawa za ku sayar, ga yadda za mu saya, yaushe mota za ta zo? Ƙanin ya karanta a majalisa bayan la'asar, da ƙarfi, yana jin daɗi. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa na daina ciniki da babba, na koma wa ƙarami.

Washegari na hau babur. Na tarar da tsohon a zaure yana gyaran igiya. Ya amsa sallama, bai ɗago ba.

"Baba, kuskure aka yi. Na'ura ce ta aika."

"Na'urar wa?"

"Tawa ce."

"To." Ya ja igiyar. "Shekara nawa kake shigowa zauren ga? Ko an gaya maka na mutu?"

Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Ba a kawo fura ba. Da na tashi ya ce, "Bana dai an riga an yi magana da wani. In Allah ya kai mu baɗi, mu gani."

Tun a bakin hanya na kira Injiniya na zazzage masa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, abin da aka rubuta masa ya bi. Kuma fa ga sa hannunka a ƙasa, Sarkin Buhu."

Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ranar Asabar na sa ya zo. Na rufe shago, muka zauna da takardar. Na ce ya rubuta: kada a aika maganar ciniki ga kowa sai an nuna mini na yarda. In mai lambar ba shi ne maigida ba, iyakarta gaisuwa da tambayar ko babba yana nan.

"Ya yi tsawo," in ji shi.

"Ka tafi Jabo ka gaya wa tsohon ya yi tsawo."

Daga nan na riƙa karanta kowane layi kamar baƙon da bai taɓa taka ƙasar nan ba zan aika da shi. A na kiran mota ma babu inda aka ce babbar mota ba ta shiga wajen ƙauyen Fakku in an yi ruwa. Shi ma na sa masa hannu a ranar kasuwar nan. Muka yi ta ja-in-ja har azahar, yana gajartawa ina mayarwa.

An gyara bayanin, amma geron ya tafi. Wani ɗan kasuwa daga Kebbe ya kwashe, na ga motarsa da idona ta wuce gaban shagona. Tun daga lokacin na je Jabo gaisuwa sau uku, ban ce uffan a kan hatsi ba. A zuwa na uku aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Fura dai har yanzu ba a kawo ba.