Sunan Inna a Takardar Matattu

Shekara tara ƙanin mijina yana cire sunan mahaifiyata daga takardar matattu, kuma har yau ban ce na yafe masa ba.

A cocinmu, in Nuwamba ta kama, kowa yakan rubuta sunayen mamatansa ya sa a ambulan, a ajiye gaban bagadi, wato teburin ibada, Fada limaminmu ya yi ta addu'ar Misa dominsu har wata ya ƙare. Ni lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Girki nake yi a gidan wani likita a Nassarawa GRA, ina zaune a boskwata, ɗakin 'yan aiki na bayan gidan. Ƙanin mijina malamin firamare ne a Gawuna, shi yake zuwa ya rubuta mini. In faɗa, ya rubuta: mijina, babana, sai Inna. Ya liƙe, in ɗauka.

Wata Lahadi Fada ya ba mu labarin masu kuɗin Turai na zamanin da. Wai mutum kan gina ɗan ɗakin addu'a a jikin coci, ya bar gona sukutum don ciyar da limamin da zai riƙa kiran sunansa kullum bayan ya mutu. Na ce a raina, ni ba ni da gona, amma Inna ba ta rasa mai tunawa da ita ba.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tudun Murtala. A Nuwamba ta biyu da shigata, ƙanin mijina ya rubuta kamar kullum, ya miƙa hannu zai ɗauki ambulan. Na ce ya ba ni in gwada karatuna. Na bi da yatsa. Suna biyu ne. Na juya bayan takardar, fari fat.

"Malam, ina Inna?"

Ya yi 'yar dariya. "Matar Yaya, ashe karatun ya kama."

"Ina Inna, na ce."

"Ai Musulma ta rasu. Me zai kai sunanta gaban bagadi? Gudun ɓacin ranki ya sa ban faɗa miki ba."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

Na zauna a kan buhun gawayi. Inna ce fa ta sayar da akuyarta ta ɗinka mini farin kayan baftisma, ta raka ni har ƙofar coci ta tsaya a waje cikin rana. Shekara tara ina durƙuso ina ce mata, Inna, ga naki an kai. Ashe ba a kai komai ba. Miyar likita ta ƙone a ranar, ban ko ji ƙauri ba.

Ƙanin mijina bai tsaya shan ruwa ba, ni ma ban ce ya tsaya ba.

Da safe na yago takarda daga littafin ajinmu. Sai a karo na huɗu sunan Inna ya fito yadda za a iya karanta shi. Na sa nata a sama, na tafi Misar ƙarfe shida, na miƙa wa Fada a hannunsa ba ambulan, na tsaya har ya karanta a gabana.