Muryar da Na Sani ta Bayan Labule

Shekarun baya, a lokacin nan da Maiduguri ta daɗe ba wutar lantarki, wani abu ya faru a falonmu na Wulari wanda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Waɗanda suka san ni sun san ni ba mai fita ba ce. Turaren wuta nake haɗawa a gida, mata su zo su saya, mu sha hira su tafi. Boko kuwa ko firamare ban ƙarasa ba. Amma kunne, wannan kam Allah Ya ba ni. Daga takun takalmi nake gane wanda ya shigo zaure. Maigidana yakan ce da ni ce mai gadin unguwa da ɓarayi sun yi ƙaura, ni kuma na san abin da yake nufi shi ne na cika sauraron abin da bai shafe ni ba.

Shi maigidan nawa bututu da kayan famfo yake sayarwa a Kasuwar Kwastam. Cikin masu sayayya a wurinsa akwai wani tsoho ɗan ƙasar Sin, mai haƙa rijiyar burtsatse. Ya daɗe a garin nan, har yana jin Hausa gutsure-gutsure, kowa ya gani kuma sai ya gaishe shi da "wushe" kamar Babarbare. Ƙarar injin haƙa ta cinye masa kunne. In ba ka matsa ta damansa ka ɗaga murya ba, da iska kake magana.

Wata rana maigidana ya dawo cin abincin rana ya ce, "Hajiya, baƙo zai riƙa zuwa bayan azahar. Inda yake zaune ba wuta, mu kuma muna da sola. Akwai wata tasha ta yarensu da yake son kallo."

Na ce, "Ƙwallo?"

Ya ce, "Labarai."

Na ce, "Alhaji, mutumin da ba ya ji ne zai zo jin labarai?"

Ya ce, "Ba ji zai zo yi ba. 'Yarsa ce mai karantawa."

A nan ya ba ni labarin. Matar tsohon ta yi jinya ta rasu yana nan yana aiki, bai samu komawa kan lokaci ba. Tun daga ranar 'yar ta daina ɗaukar wayarsa. Ita kaɗai gare shi. Abin da ya rage masa shi ne fuskarta a talabijin, lokacin da can dare ya yi, mu nan rana na tsaka.

To ku kun san al'ada. Baƙo namiji yana falo, ni ina tsakar gida. In na haɗa shayi sai in tsaya a bakin labule in yi gyaran murya, maigida ya karɓi faranti. Saboda tsohon, ƙure ƙarar talabijin ake yi, duk da ba ta amfane shi da komai. Sai ya zama muryar yarinyar nan ta cika mini gida kullum. Ina dakan itacen sandal na turare tana magana, ina tankaɗe tana magana. Ko kalma ɗaya ban sani ba, amma na saba da ita kamar maƙwabciya. Fuskarta kuwa sau ɗaya na taɓa leƙawa, da za a nuna mini ita a hanya ba zan gane ta ba.

Bayan labarai tsohon yakan zauna ya yi ta ba maigidana tarihin tashar, ni kuma, kun dai san hali, ina bayan labule. Ya ce wani attajiri ne, tsohon soja, ya kafa ta a wani birni na bakin teku, da haɗin gwiwar Turawa. Da yarensu take magana, don mutanensu da ke warwatse a duniya, irinsa. Ya ce a farko takan faɗi wasu abubuwan da tashoshin gida ba sa taɓawa, duk da ita ma ta san inda take tsayawa. A hankali Turawan suka sayar da kasonsu, kamfanoni masu alaƙa da gwamnati suka yi ta saye.

Maigidana ya ɗaga murya ya ce, "To Baba, yanzu ta wa ce?"

Ya ce, "Rabi mai kuɗi, rabi gwamnati. Kamar shago mai maigida biyu. Yaron shago, wahala."

Ba a daɗe ba ya zo da labarin cewa attajirin ma ya sayar da nasa kason ya sauka. Sabbin shugabanni sun zo. Kiɗan buɗe labarai ya canza, ni na fara lura da wannan. Sannan wata rana aka buɗe labarai na ji wata murya daban, siririya mai sauri. Na ajiye taɓarya.

Washegari ma ba ita ba. Haka mako ya wuce, wani ya bi. Tsohon yana zuwa ya zauna har a gama, ya tashi. Shayin da nake aikawa ya fara dawowa yadda ya tafi. Ya kira wayarta ba ta ɗauka ba, amma dama can ba ta ɗauka, don haka shirun bai gaya masa komai ba. Kora ce? Ciwo ne? Ko wani abu ta faɗa da bai yi wa sabbin masu gida daɗi ba? Ba shi da wanda zai tambaya. Mutumin nan ya rame. Rannan na ji ya ce wa maigidana, "Alhaji, na gode. Gobe ba zuwa. Babu ita." Da ya fita, takunsa kansa ya canza, jan ƙafa yake yi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina sharar falo na kunna talabijin don ta ɗebe mini kewa. Ashe ba a canza ba, tana kan tashar tsohon. Wani shiri ake yi na masunta a bakin kogi, ba a nuna mai magana, murya ce kawai a kan hoto. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna.

Na kira maigidana a kasuwa na ce, "Alhaji, ga 'yar Baba tana magana."

Ya ce, "Kin gan ta?"

Na ce, "Na ji ta."

Ya yi dariya. "Hajiya, ai maganarsu duk iri ɗaya ce."

Na ce, "A kunnenka ba. Kai da ko muryar ƙanwarka ba ka ganewa a waya sai ta faɗi suna."

Ya ce kada in sa wa tsoho rai a banza, in ba ita ba ce abin zai fi yi masa ciwo. Gaskiya ya faɗa, ni ma na ji tsoro. Na sake saurara washegari, na ƙara da jibi. Ita ce.

Da na nace, maigidana ya je ya ɗauko Baba da hantsi. Tsohon ya zuba wa talabijin ido. Kogi, kwale-kwale, wani mutum yana jan taru. Ya jira fuska, fuska ba ta zo ba. Ya girgiza kai ya ce, "Babu ita," ya fara neman takalminsa.

Ban san lokacin da na ce, "Alhaji, in shigo?" ba. Ya ce in shigo. Na zura hijabi, karon farko ke nan da na tsaya a gaban baƙon nan. Na gaishe shi, na koma ta damansa. Yarinyar tana da wata ɗabi'a: kafin doguwar magana takan ja numfashi ta hanci da ɗan sauti, in ta zo ƙarshe kuma sai ta sauke murya a hankali kamar mai ajiye kofin tangaran. Na ɗaga murya na kwaikwaye ta. Yaren da na yi a ranar, Allah kaɗai Ya san na wace ƙasa ne. Maigidana ya rufe baki da hannu.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Sake."

Na sake.

Ya ce, "Uwarta. Haka uwarta."

Ya durƙusa a gaban talabijin, ya manna kunnen damansa a wurin da sauti ke fita, ya dafa da tafin hannu. Duk tsawon lokacin nan fuska yake nema, bai taɓa tunanin ya matsa haka ba. Ya daɗe a durƙushe. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na koma bayan labulena, can ni ma na yi nawa kukan.

Daga nan ya koma zuwa da hantsi. Ba ya zama a kujera, a ƙasa yake zama gefen talabijin, ba ya ko kallon hoton. Shayi ya daina dawowa. Da damina ta wuce ya ce zai tafi gida. Maigidana ya tambaye shi, in ta ƙi ganinsa fa? Ya nuna labule ya ce, "Ba komai. Zan ji ta bayan ƙofa, kamar Hajiya."

Mun daɗe ba labarinsa. Sai wata rana saƙon murya ya shigo wayar maigidana. Tsohon ne: "Wushe Alhaji, wushe Hajiya, lafiya lau, sanyi da yawa." Maigidana ya ce, "Allah sarki, ko ya samu ganinta?" Na ce ya sake kunnawa. Can bayan muryar tsohon akwai ƙarar cokali a kwano, sai wata mace ta ja numfashi ta hanci, ta faɗi wata gajeriyar magana da irin sautin da nake ce wa maigidana abinci zai huce.

Na ce, "Ya samu."

Har yau ban san dalilin da ya sa aka ɗauke ta daga karanta labarai ba, ba kuma zan ɗora wa kowa laifin da ban sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, manya can nesa sun zauna sun yi cinikin tasha, sun sa hannu sun tashi, ba wanda ya san akwai wani tsoho a Wulari da ta nan kaɗai yake ganin 'yarsa. Tun daga lokacin, in na ji an ce an sayar da wani kamfani ko an canza masu shi, sai in ce ko waye can yake zaune yana jiran fuskar da ba za ta fito ba.

Tashar tana nan a dikodarmu. Maigidana ya sha cewa a goge ta tunda ba mai jin yaren, ni kuwa na hana. Wani hantsin in gida ya yi shiru nakan kunna, in ɗauki tsintsiya, in juya wa hoton baya.