Masta Ramakant da Darasin Gane Ƙarya

Masta Ramakant Ojha ya shekara ashirin da shida yana koyarwa a makarantar gwamnati ta ƙauyensu da ke gefen kogin Gandak, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin yaro ya yi masa tambaya ya samu amsa ba. Abin da ya iya shi ne tauna ganyen pan, wato goron mutanen can, da tsartar da jan yawu ta taga, da sa yara hadda har maƙogwaronsu ya bushe. Ubansa malami ne, shi ya cusa shi aikin. In aka cire wannan, babu wani abin faɗa a kansa.

Sai ga shi bara an ce a koya wa ɗalibai yadda ake gane labaran ƙarya na waya. Aka nemi malami ɗaya ya je horon kwana uku a babban gari. Masta ya ji akwai abinci da jaka kyauta, ya riga kowa ɗaga hannu. Ya dawo da takardar shaida, ya sa mata gilashi ya rataye a ofis, daga ranar ya zama wai shi masani. Ko a shagon shayi, da an buɗe bidiyo sai ya ce a miƙo masa ya duba, yana wani ɗage gira.

Darasin kuwa abin takaici. Tambayoyi biyar ya rubuta a allo: wa ya turo, wa ya ɗauka, a ina, yaushe, me yake so ka yi. Kullum da safe yara su rera su da ƙarfi kamar lissafin sau, wanda ya tsallake kalma ya kama kunne. Bai taɓa nuna musu hoto ko ɗaya ya ce su gwada ba. Da aka yi jarrabawa kowa ya cinye tas, Masta ya riƙa yawo da sakamakon a aljihu yana nuna wa mutane.

A bayan ajujuwa akwai rumfar girki, inda Sugiya Devi take dafa wa yara abincin rana. Mijinta ya rasu, da aikin nan take riƙe kanta da jikokinta biyu. 'Yar dangin majema ce, waɗanda manyan gidaje ba sa shan ruwa daga hannunsu, kuma iyaye da yawa sun daɗe suna ƙunƙuni a kan 'ya'yansu na cin girkinta. Doka ce kawai ta rufe musu baki.

Ranar wata Lahadi da safe ƙanin matar Masta ya turo masa bidiyo. Wata mata ce cikin koren sari, ta rufe fuska da gefensa, ta duƙa ta tofa yawu a tukunyar shinkafa. An rubuta a ƙasa cewa ga mai dafa wa 'ya'yanku abinci. Masani guda, mai takarda a gilashi, ko kofin shayinsa bai ajiye ba ya tura wa zauren iyayen yara na waya, har da ƙarin nasa, wai a kula. Tambaya biyar ɗin nan ko ɗaya ba ta zo masa a rai ba.

Litinin rabin makaranta suka ƙi cin abinci. Washegari da safe ana cikin rera hadda sai Anjum, 'yar aji takwas, ta ɗaga hannu. Ta ce ta kalli bidiyon a wayar babanta ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar ciki a kan gas take, su kuwa da itace ake musu girki. Bangon shuɗi ne, nasu jan bulo ne ko shafe babu. Ta ce a ganinta ba makarantarsu ba ce.

Masta ya san gaskiya ta faɗa, nan take ya sani. Amma sunan wa ke kan saƙon da ya shiga wayar kowane uba a ƙauyen? Ya daka mata tsawa, ya ce wannan ba ya cikin littafi, kuma wa ya ce ƙanƙanuwa da ita ta riƙa taɓa waya. Ya sa ta hau kan benci ta tsaya har aka tashi. Ɗaliba ɗaya tak da ta fahimci darasinsa, abin da ta samu ke nan.

Laraba kwamitin makaranta ya zauna a baranda. Sugiya na tsugune can nesa wajen famfo. Mai gari ya ce ba sai an ja magana ba, Allah ya ba su masani a gida, Masta ya faɗa musu ita ce ko ba ita ba ce. Kalma uku ta ishe shi, da ya ce na yi kuskure, da matar nan ta koma bakin murhunta. Ya gyara murya, ya gyara tabarau.

“A ilmance,” in ji shi, “ba za a ce ita ce ba, ba kuma za a ce ba ita ba ce. Amma lafiyar yara ita ce gaba da komai.”

Suka gyaɗa kai, wasu har da cewa ilmi daban ne. Dama abin da suka zo ji ke nan. Aka sallame ta a zaman.

Da la'asar ta zo mayar da makullin ɗakin ajiya. Ta tsaya a bakin ƙofar ofis ba ta tsallako ba. Ta ce wayarta mai maɓalli ce, har yanzu ba ta ga abin da aka ce ta yi ba, ko Masta zai taimaka ya nuna mata. Ya miƙo wayar daga nesa, ya riƙe gam don kada hannunta ya taɓa. Ta kalla, ta ce ya sake, ta kalla.

“Masta-ji, wannan ai mijinta yana raye,” ta ce a hankali. “Dubi jajayen awarwaron gilashi har gwiwar hannu. Ni nawa an fasa su ranar da mijina Budhan ya mutu, kamar yadda al'ada ta ce, shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk ƙauyen nan wa bai sani ba?”

Ta miƙo hannuwanta ya gani, babu komai sai tabon ƙuna. Masta ya kawar da kai, ya ce magana ta kwamiti ce, shi ba shi da ta cewa. Ta ajiye makullin a ƙasa ta juya.

Ya jira sai da ta fice daga ƙofar makaranta. Sannan ya ɗauko butarsa, ya yayyafa wa makullin ruwa ya tsarkake shi kafin ya ɗauka.