Abin da Ya Taɓa Layi

Mun tashi da asuba daga Tamale, bayan sahur, ni da wasu fatake biyu da muka yi sa'ar samun gaban lori. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba, jama'a, Mma ce ta aike ni. Gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma saura kwana huɗu. Ni ubana Badagombe ne, ɗan ƙasa, ba mai taɓa ni, ita ma Mma tana cikin inuwar aurensa. Amma ƙanenta, Kawu Sale, duk da a Zongon Kumasi aka binne cibiyarsa, mahaifinsu daga Katsina ya zo fataucin goro. Saƙon Mma ɗaya ne: in taho da shi ya ɓuya a gidanmu har abin ya lafa.

Tun daga gadar Buipe muka fara gamuwa da motoci masu yin arewa, maƙil da mutane, ga tabarmi da turame da akurkin kaji an ɗaure a sama. Ba mai ɗaga wa wani hannu. A Kintampo mata masu soyayyar doya suka yanyame mu, mu kuwa da azumi a baki. Ɗaya daga cikin fataken ya ce bari ya duba taya, ya zagaya bayan mota, ya dawo yana goge leɓe. Na tambaye shi ko tayar ta ji yaji. Dariyar da muka yi ke nan har Kumasi.

Dab da magariba muka shiga ta Suame, rumfunan makanikai da yawa a rufe. Zongo kuwa ta koma kasuwa. Gadon ƙarfe a kuɗin kaza guda, ana roƙon mai saye. Na ga keken ɗinki sabo fil, ni kuma tela ne, raina ya biya, amma da na dubi fuskar mai shi sai kunya ta kama ni na wuce.

Muka sha ruwa da koko da ƙosai a gidan Kawu, matarsa na ta ƙulle kaya a zannuwa. Na isar da saƙo. Ya ce sai gobe in an tashi daga wasa. Wallahi raina ya ɓaci, gida na cin wuta mutum na zancen ƙwallo.

Shekara ashirin Kawu yana aiki a filin tanis na wani kulob a cikin gari. Shi ke daddaɓe jar ƙasar filin, shi ke ja layi, shi ke koya wa manyan ma'aikata riƙon raket, abin buga ƙwallon. Gasar ba wata babba ba ce, 'yan wasa ne daga Accra da Takoradi da biyu daga Lome, masu neman abinci da ita, kofin ma bai fi moɗa ba. Amma bana ne karon farko da Kawu ya kai wasan ƙarshe, ga furfura ta fara fito masa.

Da hantsi na bi shi. Ya kafa ƙusa, ya ja igiya, ya bi ta da farar ƙasa a hankali kamar mai rubutun allo. Yana yi yana gaya mini dokar wasan: ƙwallon da ta taɓa layi, ko da gefensa ne, ta ciki ce.

Ban taɓa ganin wasa mai shiru irin wannan ba. Lissafinsu kuma daga sha biyar sai talatin sai arba'in, na rasa malamin da ya koya musu. Mu 'yan Zongo ba mu fi goma ba, muka raɓe a gefe. Duk sanda ƙwallo ta fita, mai duba layi sai ya ɗaga murya ya ce "Aut!" Wato waje, kalmar da aka kwana goma ana jefa wa mutanenmu a titi ke nan. Wani dattijo kusa da ni ya girgiza kai ya ce ashe nan ma ba a tsira ba.

Abokin karawar Kawu saurayi ne ɗan Accra, ƙafa kamar barewa. Kawu ba ya gudu, sai dai ya ajiye ƙwallo inda yaron ba ya nan. La'asar ta yi, ya rage ci ɗaya Kawu ya ɗau kofi. Saurayin ya maka ƙwallo can kusurwa, mai duba layi ya ce aut, muka miƙe gaba ɗaya. Kawu bai ɗaga hannu ba. Ya taka ya je kusurwar, ya tsuguna, ya ga inda farar ƙasa ta goge. Ya juya ya gaya wa alƙali ta taɓa layi, cin na yaron ne. Daga nan azumi ya ci ƙarfinsa, kafin rana ta yi ja an cinye shi.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Kawu, alƙali ya ba ka, wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ni na ja layin nan da hannuna, ɗana. In yi masa ƙarya?"

Na ce to ya bar wannan, ya shirya mu kama hanyar Tamale. Ya tsaya ya juyo ya dube ni.

"Ka ce wa Yaya na gode. Ni ma a kan layi nake, a wasanmu na ciki ne ni. An ce aut. In alƙali ya yi kuskure, wanda ke ɗaya gefen ne ke tasowa ya duba. Kwana goma sha ɗaya ina jira, mutanen da na koya wa wasa shekara ashirin, ba wanda ya taso. Ba zan shiga ƙarƙashin gado a ƙasar da aka haife ni ba."

Washegari na raka su tasha, za su Katsina. Bai san kowa a Katsina ba, sunan unguwa kawai yake riƙe da shi. Har ya hau mota ya miƙo mini igiyar jan layin, ya ce in kai wa Mma ta yi shanya. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Na iso Tamale ana kiran magariba. Mma na zaune a ƙofar ɗaki, ta dubi bayana kafin ta dubi fuskata. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da daɗi: mai faɗin aut ba shi kaɗai ke korar mutum ba, har da wanda ya ga farar ƙasa ta goge ya ci gaba da zama. Mma ta karɓi igiyar, ta shiga ta kwashe kwano na uku, na Kawu, da ta jera don shan ruwa.