Gaisuwar da ta cinye min tauraro

Jiya na sha wahala, wallahi. Matata na kwance ba lafiya a Gwandu, ɗanmu Bello kuwa yana Kumasi, bai sani ba.

Na taka har Kalgo wurin Umaru, ɗan ƙanwata mai rediyon da ke magana ta tauraron ɗan'adam. Ya riga ya shirya da wani mai irinta can Kumasi a kawo Bello.

Ya miƙo min eriya. "Kawu, riƙe ta sama! Tauraron ba ya jira, yanzu zai faɗi."

Sai shuuu, sai muryar wani dattijo yana sallama! Mai masaukin Bello ne. Ni kuwa na durƙusa. "Ina wuni, Baba? Ina gajiya? Ina iyali?"

"Kawu, tashi! Ka kifa eriyar ƙasa!"

Na zabura. Na ji Bello ya ce, "Baba, lafiya?" Shi ke nan, ɗif! Tauraron ya faɗi, magana ta yanke.

Yau da safe na koma. Dattijon ya sake yin sallama. Na amsa a tsaye, na kwatsa ihu: "Bello, innarka na kwance, taho gida!"

Bello ya ce, "Na ji, Baba."