Tukunyar Pati Da Na Sauke Daga Wuta

Har gobe safiyar nan ta tsakiyar Janairu tana cina a rai, shi ya sa nake ba ku labarinta, ku sababbin shiga.

Lokacin shekarata biyu ina mataimakiyar nas, cikin masu zuwa gida-gida kula da tsofaffi. Kamfani ya tura ni unguwar Summerfield, gidan wata tsohuwa 'yar Indiya da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Kowa Pati yake ce mata, wato kaka a harshen Tamil. Maganarta ba ta fita sosai, amma in na shigo takan kama hannuna ta ce "Rahila" da wani irin daɗi. Likita ya riga ya gaya wa ɗanta Raman cewa ba za ta ga wata shekarar ba.

Kowane gida yana da fayil, mai bayanin abin da aka yarda majinyaci ya yi da wanda aka hana. Na Pati ya ce kada ta kusanci wuta, kada ta zauna cikin sanyi.

Da na iso ƙarfe bakwai, na ga zane-zanen garin shinkafa a bakin ƙofa. Ni 'yar Kagoro, raina ya ce asiri ne, na zagaya ta baya. Can na tarar da Pati ita kaɗai a keken guragu, cikin bargo, tana fuskantar gabas. Gabanta risho ne da sabuwar tukunyar ƙasa, an jingina sandunan rake a gefe. Madara a cikin tukunyar ta kumbura har ta kai baki.

Uwata ta tarbiyyantar da ni cewa macen da tukunyarta ta yi bori sakarya ce. Ga kuma fayil. Da gudu na kashe wutar, na sa ɗankwalina na sauke tukunyar a kan siminti mai sanyin ƙanƙara. Sai na ji ƙas! Gindin ya tsage, madarar ta tsiyaye ƙasa.

Pati ta yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba. Raman ya fito da waya a hannu, ashe ƙanwarsa da ke Indiya ya je kira don ta kalla ta bidiyo.

"Me kika yi, Rahila?"

"Zubewa za ta yi, yallaɓai."

"Ai zubewar muke jira."

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce yau Pongal ne, bikin godiyarsu na girbi. Ana dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila a gaban rana, wadda suke wa kallon ubangijin da ya nunar da amfanin gona. In tukunya ta tumbatsa, kowa ya yi sowa, alamar albarka za ta cika gidan har ta zuba. Zanen ƙofa maraba ne ga alheri. Tukunyar kuwa tun daga ƙauyensu aka aiko ta, Pati ce ta roƙa.

Kunya ta rufe ni. Mu ma ai mukan kai damin dawa na farko coci ranar godiya. Da wani ya gaya mini da kalma ɗaya, da na tsaya bayan kekenta ina riƙe da bargon.

Sun sake dafawa a kicin da tukunyar ƙarfe, ta yi borinta. Pati ta juya fuska bango.

Doka ta ce a rubuta rahoto, na rubuta. Sufabaizarmu ta kira ni ofis, na tafi da shirin kora.

"Kin yi daidai," in ji ta. "Kin kare majinyaciya daga wuta."

"Madam, bikinta na ƙarshe na ɓata."

"Wannan ba ya cikin fayil."

A taron ma'aikata ta karanta rahoton a matsayin abin koyi, aka tafa mini, aka ba ni takardar yabo. Ba a taɓa zagina ya yi mini zafi kamar tafin nan ba.

Na ci gaba da zuwa gidan. Pati tana karɓar magani daga hannuna, amma ba ta ƙara kiran sunana ba. Ta rasu kafin Ista.

Aikin nan zai koya muku hawan jinin mutum da awon abincinsa, ba zai gaya muku abin da yake jira ya gani kafin ya mutu ba. Wannan sai kun tambaya. Kamfani ba zai hukunta ku don ba ku tambaya ba, ni shaida ce. Takardar yabon tana nan a akwatina, ban taɓa nuna wa 'ya'yana ba.